Yadda Ake Gina Makarantar 'Yan Mata Ba Tare da Yarinya Ta Shiga Ba

Ɗan'uwa, ka zo inda ya dace. Idan burinka ka zama shugaban kwamitin gina makaranta, a riƙa miƙewa in ka shigo, a riƙa tura maka cinyar rago a wurin walima, amma ba ka son hayaniyar yara ta hana ka barcin rana, to ka riƙe wannan jagora da hannu biyu. Na lamunce maka sakamako. In ka bi ta sau da ƙafa amma makarantarka ta yi kuskuren karɓar yarinya ko ɗaya, ka zo ka kama ni.

Ba jita-jita na tattaro maka ba. Ni Larai, mazauniyar Hindawiyya a nan Jidda, na yi kusan shekara ashirin ina dafa wa irin wannan kwamiti shinkafa. Maigidana, Malam Yahya, shi ne sakataren kwamitin, kuma mutum ne da ba ya iya riƙe magana da zarar cikinsa ya ɗauka. Duk abin da aka faɗa a taro, kafin in kwashe kwanuka ya iso kunnena. Gwanin da za mu yi koyi da shi kuwa sunansa Abdulghaffar. Allah ya yi masa baiwa a wannan fanni, ni kuma ba na ɓoye baiwar mutum.

Mataki na ɗaya: Kada ka wahalar da kanka da tunani, jira mata su fara

Tunani yana kawo furfura. Ka bar wa masu ciwon abin. A wurinmu mai ciwon ita ce Rakia, maƙwabciyata 'yar Tawa, mai suyar masa a bakin lungu. 'Yarta ɗaya tilo, Mastura, a lokacin tana famfara. Yarinyar nan ta addabi uwarta da tambaya. Ta ga allon kanti, "Umma, me aka rubuta?" Ta ɗauki gwangwanin madara, "Umma, me aka rubuta?" Rakia ba ta sani ba, ni ma da na ɗan taɓa allo a gida ba kullum nake ganewa ba. Yara maza suna da inda ake tura su, ko da zaman masallaci ne bayan la'asar. 'Yan matanmu kuwa, makarantun gari wata ta ce ta cika, wata ta nemi takardun da iyaye ba su da su.

Wata safiya Rakia ta ajiye tsinken juya masa ta ce mini, "Larai, ni dai an gama da ni. Amma wagga ɗiya sai ta yi lakwal, ko ɗaki guda ne mu samu." Lakwal ita ce makaranta a bakin mutanen Tawa.

Mata suka haɗu, masu aikatau a gidajen Larabawa, masu ƙunshi, masu fura, suka kafa adashi. Abin da suke so bai taka kara ya karya ba: makarantar jama'a ta 'yan mata, mu gina, mu riƙe da kanmu, hukuma ta ba da izini, don takardar da yarinya za ta fita da ita ta zama takarda.

A nan za ka shigo. Mata ba za su yi ta zarya a ofisoshi ba, baƙo mai iƙama kuma, wato takardar izinin zama, ba a rubuta fili da sunansa. Abdulghaffar kakansa ne ya zo aikin hajji da ƙafa, shi haifaffen nan ne, yana da takardar ɗan ƙasa. Da ya ji labari sai ga shi cikin ƙamshin turaren wuta, ya ce, "Wannan aiki ya fi ƙarfin mata, bas ana maujud," wato amma ga ni nan. Ka haddace wannan jumla da kyau, kuma ka faɗe ta da hannu a ƙirji. Matan ma godiya za su yi maka, kamar yadda muka yi.

Mataki na biyu: Kafa kwamiti, kuma ka gyara sunanka

A Jidda kada ka yarda a ce maka Alhaji. Nan mai gyaran famfo Alhaji ne, mai wankin mota Alhaji ne, wani ma sau goma. Ka sa a riƙa ce maka Ra'is, wato shugaba, kamar yadda Abdulghaffar ya yi. Daga nan sai ka raba muƙamai kamar goron suna: mataimaki, mataimakin mataimaki, mai kula da baƙi, mai kula da wanda ke kula da baƙi. Duk wanda ka san zai iya yi maka tambaya a bainar jama'a, ka ba shi kujera tun kafin ya buɗe baki.

Sai ka nemi dattijo guda ka naɗa shi uban kwamiti. Namu shi ne Kawu Isha'aku, mutumin Damagaram, wanda ya zo umara tun yana da baƙin gemu, kuma duk shekara yakan ce baɗi zai koma gida. Mutumin kirki ne, ba ya cin haƙƙin kowa. Irinsa ya fi amfani. Ranar da ka rasa hujja, sai ka nuna furfurarsa.

Mata kuwa kada ka manta da su, rashin adalci ne. Ka ba su babban muƙami, wato girki. Duk Alhamis akwai taro, taro kuma ba ya yiwuwa da yunwa.

Mataki na uku: Zaɓi fili inda yaro ba zai isa da ƙafa ba

Yaran suna Hindawiyya. Saboda haka fili ya kasance a Khumra, can kudu, tsakiyar ɗakunan ajiyar kaya da garejin manyan motoci. Idan wata ta ce da nisa, ka ce an hango gaba ne, gari zai je can. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Kai kanka a shekarar sai ka tare a Safa, can arewa, ka sa 'ya'yanka mata a makarantar kuɗi mai motar ɗauko yara. Wannan zai ba ka natsuwar da ake bukata don yi wa 'ya'yan wasu aiki ba tare da garaje ba.

Ka lura da siffar filin, don nan gaba za ta yi maka rana. Namu dogo ne siriri, fuskarsa ɗaya ce a titi. Dama da hagu da baya duk katangun ɗakunan ajiyar mutane ne. Duk mai shiga, ta gaba zai shiga.

Mataki na huɗu: Aza harsashi da biki, kuma ka yi alkawari a gaban shaidu

Ba a aza harsashi a ɓoye. Ka kafa rumfa, ka yanka raguna, ka gayyaci duk mai rawani da duk mai shimagi irin na kan Larabawa. Ka sa a samo ƙaramar yarinya ta riƙe tire, a ɗora cokalin magini sabo fil a kai. Jama'a suna son ganin yarinya da tire, yana sa hannu ya shiga aljihu.

Mastura aka zaɓa. Ni na ɗinka mata farar riga, ni kuma na ba da aron tirena na azurfa, wanda na zo da shi daga Kano ranar tarewata. Ta tsaya cikin rana, tana murmushi da giɓinta. Mu mata muna daga nesa bayan wata mota, Rakia tana share hawaye da bakin mayafi. Ra'is ya ɗauki cokalin, ya shafa siminti a kan bulo guda, sannan ya dafa kan yarinyar ya ɗaga murya.

"Ku shaida, ya jama'a! Wallahil azim, wannan yarinya ita ce za ta fara shiga aji a wannan madarasa!"

Aka yi kabbara. Ka ga yadda ake yi ke nan. Ka rantse a kan wanda zai fara shiga, kada ka kuskura ka rantse a kan yaushe. Tiren kuma ka wuce da shi, kwamiti zai bukace shi wajen shayi.

Mataki na biyar: Ɗauki muhandis, amma kada ka saurare shi

Gini yana son mai zane, don a ce akwai shi. Ka zaɓi matashi, zai fi kyau idan haifaffen nan ne mai jin Hausa amma ba ya iya mayarwa da kyau. Namu Othman ne, yaro mai ladabi, ya yi karatunsa sosai, kuma kyauta ya yi mana aikin saboda kakarsa Bahaushiya ce. Ya shimfiɗa zanensa a gaban kwamiti: azuzuwa a ciki, fili a tsakiya, doguwar katanga, sai babbar ƙofa a titi wadda 'yan mata za su shiga kai tsaye, da ɗan ɗakin maigadi a gefe.

Kawu Isha'aku ya daɗe yana duban takardar. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa. Sannan ya ce, "Yaro, ina zaure?"

Othman ya ce, "Na'am, ya Kawu?"

"Zaure. Inda baƙo zai yi sallama, inda manya za su zauna. Gida ba zaure ai kango ne. Ka taɓa ganin an faɗa wa gidan mutunci haka tsirara daga titi?"

Othman ya fara haɗa gumi. "Ya Kawu, ana fahim, wallahi. Bas wannan madarasa banat. Lazim ƙofa na su, ma fi rijal a hanya. In maza ya zauna a ƙofa, mamnu', ba a ba da rukhsa."

Abin da yake nufi a fili yake: a garin nan ba a ba makarantar mata izini idan maza ne zaune a mashigarta. Amma ya ce "maza ya zauna", sai kwamiti ya fashe da dariya, aka yi ta maimaita masa har aka tashi. A irin wannan lokaci kai Ra'is kada ka ce uffan a kan izini. Ka ce kawai, "Halas, maganar Kawu ita ce magana." Da tsohuwar zuma ake magani.

Aka sa Othman ya zana zaure. Aka ce ya ƙara faɗi. Aka ce ya ƙara kuma, don ranar Alhamis mutane suna da yawa. Da aka gama ƙari, zauren ya cinye fuskar filin kaf, daga katangar dama zuwa ta hagu.

Mataki na shida: Fara da zaure, kuma ka sa masa mukayyif

Wannan shi ne ƙashin bayan jagorar, ka karanta shi sau biyu. Ana fara gini daga inda ake shiga, wannan ko yaro ya sani. Ka zuba duk ƙarfin adashin mata a zaure. A yi masa daɓe mai sheƙi, a shimfiɗa darduma mai laushi, a jera matasai, a kafa na'urar sanyaya ɗaki, mukayyif ke nan a bakin 'yan gari, har guda biyu. Ni na ɗinka labulayen, don haka na san faɗin tagogin ko da ban taɓa zama a ciki ba.

Daga ranar da sanyi ya fara busawa a zauren nan, aikinka ya ƙare, sauran wasa ne. Ka duba mutanen da ke kwamitin. Shekara da shekaru suna cikin ɗakunan haya masu zafi, ba dakali, ba gindin bishiya, ba inda mutum zai miƙe ƙafa ya yi Hausa son ransa. Ga shi yau Allah ya ba su zaure irin na gida, da shayi a kan tirena. Taron Alhamis ya koma na Alhamis da Juma'a, daga baya ya koma na kullum. A nan ake ɗaurin aure, a nan ake zaman makoki, a nan ake sasanta mutum da kafilinsa, wanda ya tsaya masa a takardar zama. Har mutanen Chadi suka riƙa zuwa da nasu butocin.

Idan ka leƙa ta ƙofar baya ta zauren za ka ga makarantar: ramukan harsashi, ƙarafa tsaye sun yi tsatsa, kyanwa ta haihu a cikin buhun siminti. Ka sa a rataya labule a wannan ƙofa.

Mataki na bakwai: Haddace kalandar uzuri

Shekara a Jidda an tsara ta ne don mai irin aikinka. Watanni biyu kafin azumi ana shirin azumi. Da azumi ba a ɗaukar bulo, kai ma ka san haka. Bayan salla leburorinka duk sun gudu Makka, wasu suna tura keken tsofaffi, wasu suna aski, don abin da za su samu a kwanakin hajji ya fi ladan gininka na rabin shekara. Bayan hajji ana hutun gajiya. Sai zafi ya shigo, wanda ke busar da siminti tun yana cikin kwano. Zafi yana sauka, sai ka ji an ce azumi ya matso.

Idan Allah ya kawo babban abu, kada ka yi wasa da shi. Yaƙin Kuwait ya ciyar da kwamitinmu uzuri na shekara uku, ko da yake ko ƙarar bindiga ba mu ji a Khumra ba. Sauran ranaku kuma kalma biyu sun ishe ka: bukra, inshallah, wato gobe in Allah ya so. Ka sa a ɗora layin bulo biyu duk shekara don kada a ce an tsaya. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, kuma daɗewar ai ita muke nema.

Mataki na takwas: Yadda ake sallamar mace idan ta zo tambaya

Za su zo, kada ka ruɗi kanka. Amma zaurenka zai kare ka, don wace mace ce za ta ratsa dattawa ashirin a zaune?

Rakia ta je. Ni na raka ta, da Mastura, wadda a lokacin ta fara sa abaya, tana kuma taya uwarta ƙullin masa tun asuba. Muka hau motar haya biyu kafin mu isa. Muka tsaya a titi, gefen tarin takalman maza, rana tana dukanmu. Sanyin mukayyif yana fitowa ta ƙasan ƙofa yana taɓa mana yatsun ƙafa. Muka aika a kira maigidana, ya fito yana goge baki.

Rakia ta ce, "Malam, a gaida Ra'is. A ce mishi ɗiyar ga da ya dafa ma kai, ga ta nan tana girma. Shin ko aji guda ba a rufe ba, su fara?"

Malam ya shiga, ya daɗe, ya fito da kofin shayi uku da amsa. "Ra'is yana gaishe ku. Ya ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Ya ce kuma alkawarinsa yana nan, bai manta ba."

Mastura ba ta karɓi shayin ba. Ta ɗaga kai tana kallon babban allon da aka kafa a saman zauren, mai rubutun zinariya. Ta ce, "Khala Larai, sunan makarantar ne a can?" Na ce mata shi ne, da sunan Ra'is a ƙasa. Ta ce, "Wanne ne wanne?"

Na kau da kai, na ce su zo mu tafi. Na yi fushi a ranar har na ƙi yin girkin Alhamis, sai wata ta yi a madadina, kwamiti ma bai lura ba. Darasin da ke ciki gare ka shi ne: ka riƙa haɗa amsa da shayi, kuma kada ka fito da kanka.

Mataki na tara: Idan gini ya yi maka gardama ya ƙare

Wani lokaci duk ƙoƙarinka sai an samu matsala. Mu tamu ta zo ne ta hannun wani attajiri da ya zo zaman makoki, ya ɗaga labulen ƙofar baya bisa kuskure, ya ga abin kunya, ya ɗauki nauyin ƙarasa azuzuwan. Kafin Ra'is ya farga an yi rufi, an yi fenti, har an kawo bencina. Othman, wanda yanzu shi ma ya fara furfura, ya kai takardun neman izini.

Kada hankalinka ya tashi. Ka tuna da mataki na biyar.

Hukuma ta turo mai dubawa, mace, tunda makarantar mata ce. Direbanta ya tsaya a ƙofa. Ta sauke gilashi kaɗan, ta dubi tarin takalman maza, ta ji shewar masu shayi, ta tambayi Othman ina ƙofar ɗalibai. Ya nuna mata zauren. Ko ƙafarta ba ta sauke ba. Ta ce a samar wa 'yan mata mashiga tasu, ko maza su tashi daga nan, in ba haka ba babu izini. Matar nan ba ta zalunci kowa ba, abin da Othman ya faɗa tun farko shi ta maimaita da Larabci mai kyau.

Aka kira taron gaggawa. Othman ya zo da mafita mai sauƙi: a yanki gefe guda na zauren, faɗin mutum biyu, a ja katanga, ya zama lungun da 'yan mata za su bi. Aikin mako biyu ne. Sai dai gefen da za a yanka shi ne kusurwar Kawu Isha'aku, inda matashinsa yake, ƙarƙashin mukayyif.

Kawu ya tsufa ƙwarai a lokacin. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse, Damagaram kuma ya daina ambatonta. Kullum jikansa yake kawo shi da safe ya ɗauke shi da yamma. Bai yi musu ba, bai ɗaga murya ba. Ya lalubi sandarsa ya ce, "Ba komai. Ku yanka. Ni sai in zamna gida."

Zaure ya kaure. "Subhanallahi, Kawu!" "Wa ya isa!" "Muna raye a tashe ka?" Har da masu hawaye. Ni kaina da aka ba ni labari na tausaya wa tsohon, don na san ba shi da wani wuri a duniya sai wannan kusurwa. Da an ce masa ya matsa kamu uku zuwa ɗaya gefen, da ya matsa, har ya sa albarka. Amma a cikin maza ashirin ba a samu mai bakin faɗa ba, don kara ta hana. Ita 'yar mai masa ta Hindawiyya ba ta cikin ɗakin, saboda haka ba wanda ya ji nauyinta.

Nan ne za ka nuna kai Ra'is ne. Abdulghaffar ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Ma fi mushkila. Yara maza za su iya ratsa zaure, har su gaida iyayensu su samu albarka. A nemi izinin makarantar maza, mu'aƙƙat, na ɗan lokaci. Ta mata kuma sai a kashi na biyu."

Aka yi fatiha, aka kawo shinkafa.

Mataki na goma: Cika alkawari

Mutumin kirki ba ya saɓa rantsuwa, kuma in ka iya allonka, rantsuwar da kanta za ta cika ba tare da ka motsa ba.

Ranar buɗewa aka ce mata su je da sassafe, kafin maza su hallara, su share wurin su jera abinci. Rakia ba ta je ba, gwiwoyinta sun daina hawa mota. Mastura ce ta je a madadinta, muka tafi tare. Ta zama cikakkiyar mace, tana aikatau a wani gida a Safa, tana riƙe da hannun 'yarta Sharifa, wadda ita ma take famfara. Wannan ne karo na farko da muka taka zauren nan. Muka ratsa shi da sauri kamar ɓarayi, muka ɗaga labulen baya.

Mastura ce a gaba da tsintsiya. Ita ta tura ƙofar aji na farko. Ta share shi tas, ta goge tagogi, ta goge bencina. Da ta gama sai ta jingine tsintsiyar, ta je benci na gaba ta zauna. Gwiwoyinta suka ƙi shiga ƙarƙashin teburin. Ta gwada ta gefe, suka ƙi. Ta yi 'yar dariya ta ce, "Khala, ashe ƙanana ne haka."

Sharifa ta nuna allo, inda wani malami ya yi rubutun maraba da alli mai launi. Ta ce, "Mama, me aka rubuta?"

Na fita waje na tsaya, don ban so su ga fuskata ba.

Malam Yahya, da bakinsa da ba ya riƙe magana, ya ba Ra'is labarin wadda ta fara shiga ajin. Da wani shugaban ne, da ya ji kunya. Namu ya sa shi cikin jawabi. Muna tsaye a titi bayan motoci muka ji ta lasifika: "Na rantse a wannan wuri cewa yarinyar nan ita za ta fara shiga aji, kuma yau da safe, wallahi, ita ta fara shiga! Alkawari kaya ne, alhamdu lillahi mun sauke!" Aka yi kabbara.

Kada ka tsaya nan. Shugaba nagari yana buɗe sabon aiki kafin a tambaye shi tsohon. Ra'is ya sanar cewa an samu fili a bayan gari don kashi na biyu, kuma mako mai zuwa za a aza harsashin makarantar 'yan mata. Ana bukatar ƙaramar yarinya ta riƙe tire. Ya aiko maigidana ya ce ya ji Mastura tana da 'ya, ai ba wadda ta fi cancanta.

Mastura ta jawo Sharifa jikinta. Ta ce, "Ammi Yahya, ka ce wa Ra'is shukran. Ka ce masa ni ma tiren da ya ɗora mini, har yau ba a ce in sauke ba."

Malam ya koma ciki ya ce yarinyar ba ta jin daɗi.

Sanarwar kare kai

Mai wannan jagora ba ta ɗauki alhakin komai ba. Idan ka bi matakan nan ka samu suna, da kujera, da cinyar rago, kai ka ci, kai za ka yi bayani. Idan wata yarinya ta girma a ƙofarka tana tambayar wanne ne sunan makaranta wanne ne naka, kada ka turo ta wurina, na riga na kasa amsa wannan tambaya sau ɗaya. Ba ruwana da abin da za a tambaye ka ranar da babu sakataren da zai shiga tsakani, kuma ba a haɗa amsa da shayi. Duk wanda ya ga kamar da shi nake, ya yi haƙuri, da shi nake.

Abu ɗaya ne nawa a cikin wannan aiki, shi ne tire. Ranar da muka yi shara na gan shi a kusurwar zaure, duk shayi ya cinye azurfarsa, na sa shi cikin abayata na dawo da shi gida. Ba na ba da aro kuma. Wanda zai sake aza harsashi ya sayi nasa tiren, ya ɗora wa tasa 'yar.